Babi na Shida: Gyambon da Ya Haura Wata Guda

Mu ƙaddara mace ce mai shekara talatin da 'yan kai ta shigo ɗakin likita tana takawa a tattale, ta ɗosana gefen cinya ɗaya a bakin kujera. Aka tambaye ta abin da ke tafe da ita, ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, basir ne ya sako ni gaba." Wata biyu ke nan ba ta iya zama sosai, zagayawa kuwa sai da hawaye. Ta sha jiƙo, ta zauna cikin ruwan bagaruwa safe da yamma, mai kemis na unguwarsu ya haɗa mata kafso da man shafawa har sau biyu.

In likitan ya dubi tsawon layin da ke jiransa a waje ya rubuta mata maganin basir, za ta yi godiya ta tafi, bayan wata guda ta dawo abin ya ninka. In kuwa ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan sai an duba. Ga ma'aikaciyar jinya nan, za ta tsaya tare da ke," to abin da fitila za ta haska ba basir ba ne. Gyambo ne mai faɗin tafin hannu, ɗanye, ja jawur, ya taso daga gefen dubura ya bi tsagin ɗuwawu. Babu ƙurji ko guda. Wanda ya san ciwon hapis daga hotunan littafi kawai ba zai kawo shi a ransa ba, alhali a irin wannan gyambo shi ne na farkon waɗanda ya kamata a zarga.

Mutanenmu ba su cika kiran wannan ciwo da wani suna nasa na kansa ba. In ya fito a leɓe, a ce ƙurajen zazzaɓi. In ya fito a al'aura, a jefa shi cikin babban kwandon nan da ake kira ciwon sanyi. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma iri biyu ce: HSV-1 wadda ta fi son baki amma tana iya sauka ƙasa, da HSV-2 wadda ta fi son al'aura da dubura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ta farko, miliyan 520 kuma masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ta biyu, kuma ta biyun ta fi yawa a nahiyar Afirka fiye da ko'ina. Mafi yawansu ba su san suna da ita ba.

Halinta shi ne in ta shiga jiki ba ta fita. Bayan ta kama fatar al'aura ko dubura sai ta bi jijiya ta haura zuwa wani kullutu da ke gefen laka a gindin ƙashin baya, ta yi kwance. Lokaci-lokaci ta farka, ta biyo jijiyar ta sauko. Mai ƙoshin lafiya yakan ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi kwana ɗaya ko biyu, sai 'yan ƙuraje masu ruwa su fito a cunkushe, su fashe, su bushe. Karon farko yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, masu biyo baya kuwa mako guda ko kwana goma an wuce wurin. Ko an sha magani ko ba a sha ba sukan warke, domin sojojin jiki ne ke tare ƙwayar a bakin jijiya su kora ta ta koma makwancinta.

Wannan kamanni da kowa ya sani, na ƙuraje masu zuwa su wuce, rabinsa aikin garkuwar jiki ne. In garkuwar ta faɗi, kamannin ma ya tafi. Ƙwayar tana saukowa ba mai tare ta, ƙananan raunuka su haɗe su zama babba, babban ya yi ta cin gefe yana zurfi. A jinin mai lafiya ana samun sojojin da ake kira CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon da ake aunawa. Mai ƙanjamau da nasa suka sauka ƙasa da 100 shi ne aka fi gani da irin gyambon waccan baiwar Allah.

Wannan ma tana cikin ƙofofin da likitoci suka fara hango ƙanjamau ta cikinsu tun ba ta da suna. A watan Disamba na 1981 Frederick Siegal da abokan aikinsa na asibitin Mount Sinai da ke New York suka buga rahoto a mujallar New England Journal of Medicine kan wasu maza huɗu masu gyambo a gefen dubura, yana ta faɗi ya ƙi warkewa. Aka ɗebi ruwan gyambon aka tarar da ƙwayar hapis. Uku daga cikinsu suka rasu. Sai a 1983 aka gano ƙwayar HIV a birnin Faris. Har yau, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, gyambon hapis na baki ko na al'aura ko na dubura da ya haura wata guda a jikin mai HIV yana cikin alamomin mataki na huɗu, wato matakin ƙarshe. Shi ya sa nake ganin tambayar da ta fi kowace nauyi a ɗakin likita ita ce, "Tun yaushe?" Kwana biyar magana ce daban, mako biyar magana ce daban. Gyambon mako biyar yana ba da labarin ƙwayar, yana kuma ba da labarin jikin da ta samu.

Ba ƙanjamau kaɗai ke karya garkuwa ba. Wanda aka yi wa dashen ƙoda zai sha maganin danne garkuwa iya rayuwarsa don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Mai ciwon daji da ke karɓar ƙarin ruwan kashe dajin, da wanda aka yi wa dashen ɓargo, duk suna cikin wannan sahu. Akwai kuma wasu da ba a cika tunawa da su ba, waɗanda su ne suka fi damuna: masu shan firednisolon ko dekzametazon wata da watanni ba da sanin likita ba, wasu don ciwon gaɓɓai ko asma, wasu 'yan mata kuma don su yi ƙiba, irin ƙwayoyin nan da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Ba za su faɗa ba sai an tambaya, kuma sai an tambaya da sunan da suka san ƙwayar da shi. Haka man shafawar nan mai haɗi uku da ake saya a kemis don kowane irin ƙaiƙayi. Akwai sinadarin danne garkuwar fata a cikinsa, yana kwantar da raɗaɗi kwana biyu, ya bar ƙwayar tana yaɗo, ya kuma sauya wa gyambon kama.

Kamannin kuwa suna da yawa. Bayan shimfiɗaɗɗen gyambo, akwai wanda ke zuwa a tsage, dogo siriri cikin matse-matsin fata kamar an ja wuƙa, a ɗauka zufa ce ta ci wurin ko tsagewar fata kawai. A jikin wanda ya daɗe a kwance akan ɗauke shi gyambon kwanciya, a yi ta wanki ana sa bandeji. Akwai kuma wanda ya fi duka ruɗarwa: maimakon ya ci nama ya yi rami, sai ya tsiro waje, ya yi tudu mai kaushi mai tsattsafo da ruwa, sak ciwon daji. An sha yanke irin wannan tsiro da zaton daji ne, sai bayan an kai naman ɗakin gwaji a tarar hapis ne. Wani lokaci kuma ƙwayar takan wuce fata ta shiga ciki, ta kama maƙogwaro haɗiya ta gagara, ko ta kama hanta. Na hanta yana kisa da sauri, kuma sau da yawa babu ƙurji a waje, idanu ma ba su cika yin shawara sosai ba.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Tunjere ma gyambo yake kawowa a al'aura. A ƙa'ida nasa guda ɗaya ne, mai taurin gindi, marar zafi, amma a jikin mai HIV yakan zo da yawa har da raɗaɗi, kuma ba abin mamaki ba ne a sami tunjere da hapis a gyambo guda. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 ta kuma bazu a duniya a 2022, tana fitowa a al'aura. Maganin Septrin, wanda masu HIV da yawa ke sha kullum don kariya, yakan ƙona wa wasu fata a wuri guda duk sanda suka sha, sau da yawa a kan al'aura, ya bar baƙin tabo. Macen da ta tashi tana wanka da wanki a rafi ko madatsar ruwa tana iya samun raunin tsargiya a matuncinta. Ga tarin fuka na fata, ga ciwon daji na gaskiya. Ido, komai ƙwarewar mai shi, ba ya iya raba waɗannan duka a jikin da garkuwarsa ta faɗi. Dole a tambayi gyambon kansa.

Yadda ake tambayarsa ba wuya. Ana ɗaukar tsinke mai auduga a kai, irin wanda aka riƙa zura wa mutane a hanci lokacin korona, a goga shi a gindin gyambon da ɗan ƙarfi. In akwai ƙurji mai ruwa, a fasa shi a gogi ƙasansa. Akwai zafi, ya kamata a gaya wa mai ciwo tun kafin a taɓa shi, amma shafa sama-sama don tausayi ɓata gwajin take yi, domin ƙwayar tana cikin ƙwayoyin naman da ke ƙasa, ruwan sama da mugunya ba su ɗauke da ita sosai. A sa tsinken cikin 'yar kwalbar ruwan adanawa, a kai ɗakin gwaji da sanyinsa.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ta kai shi ga lambar Nobel a 1993. Na'urar tana neman ɗan guntun gadon halittar ƙwayar ne, ta yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za a gane shi. Ko ƙwayar ta mutu a hanya za a same ta, kuma gwajin yana faɗin ko HSV-1 ce ko HSV-2. Sanin wannan yana da amfani, don ta biyun ta fi yawan dawowa a al'aura nesa ba kusa ba. Tsohuwar hanyar ita ce a shuka ƙwayar a cikin rayayyun ƙwayoyin nama a jira kwanaki a ga ko za ta tsiro. Tana yawan kuskure masu ciwon, musamman in rauni ya fara bushewa, amma ba a jefar da ita ba, saboda dalilin da zan zo kansa. Akwai sauƙi guda a nan: ƙurajen mai lafiya sai an yi hanzari a kwanakin farko kafin ƙwayar ta janye, amma gyambon mai raunin garkuwa yana zubar da ita mako da makonni, don haka ko an makara ana iya samunta. In sakamako ya ce babu alhali zargi yana da ƙarfi, a sake ɗiba daga wani gefen.

Akwai wata hanya mai araha da likitan fata na Faransa Arnault Tzanck ya bayyana a 1947. A kankaro gindin raunin, a shafa a gilashi, a rina da launin Giemsa, wanda shi ne dai ake rina jini da shi wajen neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ke nan duk ɗakin gwajin da ke da madubin likita yana da kayan aikin. Abin da ake nema shi ne ƙattin ƙwayoyin nama da suka narke suka haɗe, kowace da cibiyoyi da yawa a cunkushe. In an gan su an sami haske. In ba a gan su ba, ba a wanke hapis ba, don gwajin yana kuskure da yawa, kuma ba ya raba hapis da 'yar'uwarta mai kawo ƙarambau. Tsiro mai kama da daji kuwa, ko gyambon da ya ƙi jin magani, babu makawa sai an gutsuri ɗan nama daga gefensa an kai wa masana nama, domin a can ne kawai za a tabbatar ba daji ba ne, ba kuma tarin fuka ba.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi da kwanciyar hankali shi ne gwajin jini. Mun saba da cewa jini ne ke faɗin gaskiya, ga shi miƙa hannu ya fi buɗe al'aura sauƙi. Amma gwajin jinin hapis ba ƙwayar yake nema ba. Makaman da jiki ya ƙera don yaƙar ta yake nema, su kuwa in sun samu suna nan har abada. In ya ce akwai, abin da ya faɗa kawai shi ne mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko bara ko shekara ashirin da suka wuce. Bai ce ita ta haƙa wannan gyambon ba. A inda manya da yawa ke ɗauke da ita, mai tunjere ko mai daji ma yana iya fitowa da wannan sakamako, a sallame shi da maganin hapis. Duk wanda ya ga yadda gwajin Widal ke liƙa wa mutane taifot ya san irin wannan ɓarna. In kuma ya ce babu, yana iya yiwuwa kamuwar sabuwa ce, don makaman kan ɗauki har mako 12 kafin su bayyana. Nau'in da ake kira IgM, wanda wasu ke sayarwa da sunan yana nuna sabuwar kamuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada a dogara da shi, domin ba ya raba irin biyun kuma yana tashi ko a tsohon ciwo. Shi kansa ɗaya nau'in, wato IgG, in lambarsa ta fito ƙasa-ƙasa, tsakanin 1.1 da 3.0, sau da yawa ƙarya yake yi, sai an tabbatar da wani gwajin daban.

Wannan takarda tana iya kashe aure, shi ya sa nake jan hankali a kanta. Miji ya riƙe sakamako ya dubi matarsa, ko uwargida ta dubi amarya. Babu gwajin da ke faɗin ranar da ƙwayar ta shiga, balle wanda ya kawo ta. Tana iya kwanciya shekara goma ba motsi, tun daga auren fari, sai ranar da garkuwa ta yi rauni ta bayyana. Mai ɗauke da ita yana iya ba wani alhali shi bai taɓa ganin ƙurji a jikinsa ba. Likitan da ya miƙa sakamako bai zaunar da mutum ya gaya masa wannan ba, bai gama aikinsa ba.

To ina wanda ke asibitin ƙaramar hukuma, inda babu PCR na hapis? Na'urorin suna ƙasar nan, ana auna yawan ƙwayar HIV da su, ana neman tarin fuka da GeneXpert, korona ma ta ƙara yawansu, amma gwajin hapis bai zama na yau da kullum ba, kuma da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da haka, shi ya sa ta yarda a yi magani bisa alamu inda gwaji ya gagara: mai gyambon al'aura a yi masa allurar tunjere, a ba shi maganin hapis, a sa masa ranar dawowa. Abu biyu ne ba su da uzuri a ko'ina, don 'yan mintoci suke ɗauka da ɗigon jini daga yatsa: gwajin HIV da na tunjere. Ƙididdigar ƙasa ta 2018 ta nuna mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Najeriya, kuma akwai waɗanda gyambo irin wannan ne zai fara kai su asibiti. Ko sakamakon ya nuna babu, gwajin bai tafi a banza ba, domin mai HSV-2 ya ninka waninsa kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da HIV. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a tsagar nan ne sojojin da HIV ke farauta suke taruwa.

Ranar dawowar nan ita ma gwaji ce. Maganin hapis shi ne asaikulobiya, wanda ya fito daga aikin Gertrude Elion da abokan aikinta a shekarun 1970, ita kuma ta karɓi lambar Nobel a 1988. Hikimarsa ita ce yana shiga jiki a sume, sai ya tarar da wani sinadari da ƙwayar hapis ke ƙerawa sannan ya farka ya hana ta hayayyafa. In gyambon hapis ne, cikin mako guda raɗaɗi zai ragu, gefen ya fara haɗewa, ko da cikakkiyar warkewa za ta ja lokaci. Mai raunin garkuwa ba a tsayar masa da magani don kwanaki sun cika, sai wurin ya rufe.

In kwana bakwai zuwa goma suka wuce ba canji, a koma baya a bi abin daki-daki. Ya sha maganin kuwa, sau nawa a rana? Ina ya saye shi, ba jabu ba ne? Ko tun farko ba hapis ba ne, ko akwai wani ciwon tare da shi? Bayan an gama da waɗannan sai a zargi ƙwayar da bijirewa. A jikin da ta daɗe tana hayayyafa ba mai tsawata mata, wasu 'ya'yanta kan daina ƙera sinadarin nan da ke tayar da maganin, sai ya wuce su a sume. Ana ganin haka a ƙasa da mutum ɗaya cikin 100 na masu lafiya, amma yakan kai biyar cikin 100 a masu HIV, ya fi haka a masu dashen ɓargo. A nan ne tsohuwar hanyar shuka ƙwaya ke da rana, don da rayayyar ƙwaya ake gwada ko magani yana kama ta. Sauya wa mutum balasaikulobiya ba zai fisshe shi ba, hanyarsu ɗaya. Sai foskanet, wanda ake sawa ta jijiya a gadon asibiti ana lura da ƙoda, don yana iya taɓa ta.

Ita kuwa baiwar Allah da muka fara da ita, in gwajin yatsa ya nuna HIV, za a ɗora ta kan maganin ƙanjamau ba tare da jinkiri ba, domin dawowar garkuwa ita ce za ta riƙe ƙwayar nan gaba. Akwai abin da ya wajaba a gaya mata tun ranar farko. A watannin farko na shan maganin, musamman ukun farko, ƙurajen kan iya tasowa fiye da da, saboda sojojin da suka farfaɗo sun tarar da abokiyar gaba sun far mata. Wanda ba a gargaɗa ba yakan ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba, ya ajiye ya koma jiƙo. Saboda haka likitoci kan haɗa wa mai ƙarancin CD4 da asaikulobiya na kullum a wannan tsakanin, su kuma ce mata, "Hajiya, in kin ga ya sake fitowa kada ki ajiye maganinki. Ki dawo a ranar, kafin ki shafa masa komai, mu ɗiba mu duba."